Rumasa'u ko Rumaisa, wa ya fi wani iya kiran sunan?

Shekarun baya in ka ji an ƙwala kiran Rumasa'u to ko dai gidan malamai ka shiga ko kuma wata yarinya ce aka mayar mata da sunan kakarta. Sunan yana nan a ƙasar Hausa tun da daɗewa amma ba shi da yawa sam, su A'isha da Fatima da Hadiza da Hauwa su ne suke cika rajistar aji har sai malami ya haɗa da sunan uba kafin a gane wadda yake nufi, ita kuwa Rumasa'u sai ka gama firamare ka shiga sakandare ba ka zauna aji ɗaya da ko guda ba. Yanzu fa? Duba katunan gayyatar suna da ake turowa a WhatsApp, ko ka tsaya ƙofar wata Islamiyya lokacin tashi ka saurari sunayen da iyaye da masu adaidaita suke kira, za ka ji Rumaisa, za ka ga an rubuta Rumaysa, Rumaisah, Rumaisa'u, wasu har Romaisa. Bai kai ga zama ruwan dare ba tukuna amma dai ya fito daga ɓoye, kuma da fitowarsa ya taho da wata 'yar rigima a cikin gidaje, kaka ta karɓi jaririya ta ce Allah Ya raya mana Rumasa'u, mai jego ta yi murmushin yaƙe ta ce Hajiya Rumaisa ne fa ba Rumasa'u ba. Har akwai masu ɗauka sunaye biyu ne daban, ɗaya na ƙauye ɗaya na 'yan gayu.

Toh suna ɗaya ne, kuma wannan gyaran da ake yi wa tsofaffi ni a wurina ba shi da ƙafar tsayawa in dai hujjar ita ce wai Rumaisa ya fi kusa da Larabci. In ka baje sunan harafi-harafi za ka tarar kowanne a cikin biyun ya riƙe wani abu na asali ya saki wani, sannan akwai harafi guda da dukkansu suka yar a hanya ba wanda ya waiwaye shi.

Mai sunan dai sahabiya ce 'yar Madina, daga Banu Najjar cikin ƙabilar Khazraj, an fi saninta da Ummu Sulaim 'yar Milhan. Ita ce mahaifiyar Anas ɗan Malik wanda ya yi wa Annabi SAW hidima shekara 10, ita ta kamo hannunsa ta kai shi bayan hijira yana yaro ɗan shekara 10. Mijinta na farko Malik ɗan Nadr ya ƙi musulunta, ya bar Madina ya nufi Sham bai sake dawowa ba. Da Abu Ɗalha ya zo neman aurenta lokacin yana kan shirka sai ta ce masa irinsa ba a mayar da shi, amma shi kafiri ne ita Musulma, in ya musulunta to wannan shi ne sadakinta ba ta neman komai bayansa, haka kuwa aka yi. Ranar Uhudu ita da Nana A'isha suna ta jigilar salkunan ruwa a bayansu suna shayar da mayaƙa, ranar Hunaini a shekara ta 8 bayan hijira kuwa da wuƙa aka gan ta, da aka tambaye ta me za ta yi da ita ta ce duk mushrikin da ya matso kusa da ita za ta farke masa ciki, har Annabi SAW ya yi dariya. Sai kuma labarin nan da kusan duk mai nasiha a gidan ta'aziyya ya taɓa kawo shi, ranar da ɗanta ƙarami ya rasu mijin ba ya gida ta hana kowa faɗa masa, ya dawo ta ba shi abinci ya ci ya huta, sai can daga baya ta tambaye shi, in mutane suka ba da aron kayansu sannan suka zo karɓa ya halatta a hana su? A wannan daren aka samu cikin Abdullahi ɗan Abu Ɗalha, wanda Annabi da kansa ya tauna dabino ya sa masa a baki ya raɗa masa suna. Duk uban da ya ji wannan tarihin ya ce yana son 'yarsa ta ci sunan matar nan ai ba sai an tambaye shi dalili ba.

Inda abin ya fara cakuɗewa shi ne su kansu malaman tarihi ba su haɗu a kan cewa wannan ne sunanta na yanka ba. An ce Sahla, an ce Rumaila, an ce Mulaika, an ce Rumaisa'u, an ce Gumaisa'u, kuma da yawa suna ganin biyun ƙarshen laƙabi ne. A Bukhari a hadisin Jabir Annabi SAW ya ce ya ga ya shiga Aljanna sai ga Rumaisa'u matar Abu Ɗalha, a Muslim kuma a hadisin Anas ya ce ya ji motsin tafiya a Aljanna ya tambaya aka ce Gumaisa'u ce 'yar Milhan mahaifiyar Anas. Da Imam Nawawi ya zo sharhin wurin sai ya ɗauko maganar Ibn Abdil Barr cewa Ummu Sulaim ana kiranta da duka biyun amma Gumaisa'u ya fi shahara a kanta, 'yar uwarta Ummu Haram ita ce Rumaisa'u. Ummu Haram ɗin nan matar Ubada ɗan Samit ce, wadda ta bi rundunar farko da Musulmi suka hau teku da ita zamanin halifancin Usman, ta faɗo daga kan dabbarta ta rasu a tsibirin Kubrus, har yau akwai masallacin da ake jingina wa kabarinta kusa da garin Larnaka. Kenan ko ta wace ruwaya ka bi sunan bai fita daga ɗakin Milhan ba, ko yaya ko ƙanwa.

Sai ma'ana, nan ne iyaye da yawa suke shan mamaki. Ka buga sunan a Google shafukan sunayen jarirai za su ce maka wai damin furanni ne ko wani abu mai daɗin ji irin wannan, mutane kuma su kwafa su liƙa a ƙarƙashin hoton jaririya. Ƙamus ɗin Larabci ba haka ya faɗa ba. Tushen kalmar ramas ne da harafin sodi, wato kwantsa, ɗan farin abin nan da ke taruwa a gefen ido, gamas ma ɗan uwansa ne, bambancinsu ɗaya busasshe ɗaya mai danshi, an kuma zuba su a sigar ƙanƙantawa irin ta Humaira'u. Larabawa har tauraro suka sa wa Gumaisa'u, a tatsuniyarsu wai 'yan uwan tauraron Suhail ne mata biyu, ɗaya ta tsallaka ta bi shi ɗaya aka bar ta a baya ta yi ta kuka har idonta ya yi kwantsa, kuma har yanzu masana taurari na Turai suna kiran wani tauraro a wannan yankin na sama Gomeisa. Su ba sa jin nauyin irin waɗannan sunayen, Hansa'u shahararriyar mawaƙiyar nan sunanta Tumadir, laƙabin nata siffar ɗan gajeren hanci ce. Mu ma ai muna da namu, Jatau da Duna launin fata ne, Ajuji da Ayashe kuwa sunayen da ake sa wa ɗan da 'yan uwansa suka yi ta rasuwa ne, ba wanda ya ce zagi ne. Abin da ya kamata ya kwantar wa iyaye da hankali shi ne Annabi SAW ya canza sunayen mata da bai gamsu da ma'anarsu ba, Barra ya mayar Zainab, wata Barrar ya mayar Juwairiyya, 'yar Umar mai suna Asiya ya mayar Jamila, amma wannan bai taɓa shi ba, da bakinsa ya faɗe shi a cikin albishir na Aljanna. Darajar sunan daga mai sunan take, ba sai an ƙirƙiro masa furanni ba.

Yanzu mu zo kan kira. A Larabci an rubuta shi ra, mim, ya, sodi, alif, sannan alhamza a ƙarshe, gaɓa uku kenan, ru, mai, sai saa mai kauri da ja wadda ake rufewa da hamza, wato ɗan tsayawar nan a maƙogwaro da muke yi a tsakiyar sa'a ko jama'a, kuma nauyin sunan a gaɓar ƙarshen yake. In an karanta da cikakken wasali kamar yadda ake karatun littafi a zaure, almajiri yana ja malam yana fassarawa kalma-kalma, sai a ce Rumaisa'u da rufu'a. To mai cewa Rumasa'u ya riƙe jan, ya riƙe hamzar, ya riƙe rufu'ar, abin da ya zubar shi ne ya ɗin tsakiya. Mai cewa Rumaisa ya dawo da ya ɗin gaskiya, amma ya datse wutsiyar gaba ɗaya, hamza ta tafi, jan ya gajarce, nauyin ya dawo kan mai. In lissafi za a yi ma tsohuwar ta fi jikar riƙe kayan asali, gwano ne dai ba ya jin warin jikinsa.

Kuma wannan u ɗin na ƙarshe ba ƙauyanci ba ne wallahi, alamar sunan ya shigo ta hanyar karatu ne. Duk sunan mace da ya ƙare da alif da hamza haka Hausa ta karɓe shi, Asma'u, Hauwa'u, Zahra'u, Shaima'u, Hansa'u, masu ƙarewa da harafin ta ɗin mata kuma suka zama A'ishatu, Hafsatu, Saudatu, Ramlatu, Rukayyatu, maza suka zama Muhammadu, Umaru, Aliyu, Usmanu. Abu biyu ne suka haɗu, malamai sun ɗauko sunayen daga littafi da wasalinsu, bakin Bahaushe kuma dama ya fi son kalma ta ƙare da wasali, shi ya sa ko na Turanci da muka aro muka liƙa musu, bokiti, burodi, asibiti, kofi. Nana Asma'u 'yar Shehu, 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, a gidan da Larabci yake kamar ruwan sha aka raɗa mata suna, har yau Asma'u muke cewa, ban ji wanda ya tashi ya ce Sakkwatawa ba su iya kiran sunanta ba.

Harafin da kowa ya yar shi ne sodi. Daga mai cewa Rumasa'u har mai cewa Rumaisa da sin suke furtawa, domin Hausa ba ta da s mai kauri, salla da sadaka da Safiya duk da sodi suke a Larabci mu kuma da s ɗinmu guda muke faɗarsu. Malamin Arabiyya zai ce maka wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma yana da gaskiya a ajinsa, don in ka canza sodin Rumaisa'u zuwa sin ka koma wani tushe daban, rams, wanda yake nufin binnewa da kabari. Amma in za a bi wannan ma'aunin a sunayen Hausa to kowa ya shiga uku. Asiyar da Annabi ya canza wa suna da aini da sodi take, mai saɓo, Asiya matar Fir'auna kuwa da hamza da sin, a bakin Bahaushe dukkansu Asiya ne kuma kowa ya san wadda ake nufi in aka raɗa wa yarinya. Harafin lodi ya zama l tun tuni, alƙali, alwala, farilla, larura, Murtala, Raliya. Kha ta zama h, Hadiza, Halidu, lahira, alheri. Ɗa mai hannu ta raba gari, wasu Faɗima wasu Fatsima wasu Fatima. Kowace al'umma da Musulunci ya shiga haka ta yi, Barebari suka ce Falmata da Kaltume, Yarbawa suka ce Aishat da Rukayat, Turkawa suka mayar da Muhammad Mehmet da A'isha Ayshe. Gyara harafi wajibi ne a karatun Alƙur'ani, amma kiran yarinya ta zo ta ɗauki tsintsiya ba tilawa ba ce.

To me ya sa na yanzu suka guji tsohon kiran? Ni dai ina danganta shi da yadda karatun addini ya sauya salo daga wajen shekarun 1970 zuwa yau. Islamiyyu suka bazu lungu-lungu, Izala ta kafu a Jos a 1978, ɗalibai suka riƙa dawowa daga Jami'ar Musulunci ta Madina da Azhar da irin Larabcin da ake magana da shi ba na zaure kawai ba, musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta fara shiryawa a 1986 ta cusa tajwidi a kunnen kowa, ruwayar Hafs ta fara ture Warsh da aka gada a makarantar allo. Kunne ya saba da yadda Balarabe yake tsayawa a ƙarshen kalma ba wasali, sai Muhammadu ya koma Muhammad, A'ishatu ta koma A'isha, Hadiza ta koma Khadija, Hauwa'u ta rage Hauwa, Zahra'u ta zama Zahra. A lokaci guda kuma darasin sira da tarihin sahabbai mata ya isa ga matan aure a makarantun dare, aka fara jin Nusaiba da Sumayya da Khaula da Rufaida da Juwairiyya, Rumaisa a cikin wannan ayarin ta dawo, ta ƙofar Islamiyya ba ta ƙofar kaka ba, shi ya sa wasu iyayen da gaske ba su san Rumasa'un da suke ji a garinsu ita ce ba.

Sai dai bayan ilimi akwai gayu a ciki, wannan kar mu ɓoye. Sunan da ya ƙare da u yanzu ana jin sa kamar na tsofaffi, uwa tana son sunan da zai yi kyau a jikin kek da kwalin gayyata, wanda malamar makarantar kuɗi za ta iya kira ba tuntuɓe. A nan ne ma ake yin kuskuren gaske, wanda ya fi na kaka nesa ba kusa ba, masu rubuta Rumaisah da h ko Rumaisat da t. Wannan h ɗin da t ɗin a sunaye irin su Aishah da Aishat suna wakiltar ta ɗin mata ne da ke ƙarshen sunan a Larabci, shi kuwa wannan sunan ba shi da ita sam, alif da hamza ne, kenan an ƙara masa harafin da bai taɓa mallaka ba don kawai ido ya saba ganin h a ƙarshen sunan 'yan mata.

Maganar yawa kuma tana da wani sirri da wanda ba Bahaushe ba zai sha wahalar ganewa. Mu sunan yanka yawanci ba zaɓi ba ne, bashi ne ake biya, 'yar fari a mayar da sunan uwar miji, ta biyu uwar mata, ta uku wata gwaggo da ta rasu, shi ya sa sunaye ƙalilan suke ta zagayawa a dangi. Amma suruka ba za ta iya buɗe baki ta kira sunan uwar mijinta ba, dole a yi alkunya. A da alkunyar a shirye take, Fatima Binta ce, A'isha Indo, Hadiza Dije, Hauwa Kulu, Zainab Abu, Maryam Mairo, ko a ce Ummi ko Mama ko Hajiya shikenan. Yanzu matasan iyaye sun mayar da gurbin alkunya filin da suke sa sunan da ransu yake so, dangi su ɗauki sunan yanka su kuma su ɗauki na kira, ta nan su Iman da Ihsan da Hanan da Amira da Walida suka cika gari, ta nan Rumaisa ma take shigowa gidaje da yawa. Don haka yarinyar da duk unguwa ta sani da Rumaisa kana iya duba takardar haihuwarta ka ga Hadiza, wata kuma Rumasa'u ce a takarda don ta ci sunan kaka amma a gida Ummi ake ce mata ba ka taɓa jin sunan a bakin kowa ba. Abin da kunne yake ji a titi daban, abin da ke cikin rajista daban.

A waje ma rarrabuwar rubutu tana sa sunan ya yi kamar ya fi ƙaranci fiye da yadda yake. A Ingila da Wales hukumar ƙididdiga tana fitar da jerin sunayen jarirai duk shekara, kuma kowane salon rubutu ƙirga shi take daban, shi ya sa Muhammad da Mohammed da Mohammad suka daɗe suna raba ƙuri'a kafin Muhammad shi kaɗai ya zo na ɗaya a sunayen maza na 2023. To ina ga sunan da ake rubutawa Rumaysa, Rumaisa, Rumaysah, Romaisa, Romaysa? Kuma kowane rubutu da kiran da yake jawowa, Bature ya ga ay sai ya karanta mei, ya ga ai sai ya tsaya yana wasi-wasi ko mai ne ko mei, wani ma ya mayar da s ɗin z. A ƙasashen da ke rubutu da Faransanci irin su Maroko da Aljeriya za ka ga Roumaissa ko Romaissa, sun ninka s ɗin don s guda tsakanin wasula biyu z ake karanta ta a Faransanci, u kuma ta zama ou kamar yadda 'yan uwanmu na Nijar suke rubuta Zeinabou da Ramatou. A Turkiyya sunan ba baƙo ba ne ko kaɗan, Rumeysa suke cewa, da mei. Macen da kundin bajinta na Guinness ya tabbatar a 2021 cewa ta fi kowace mace mai rai tsawo, santimita 215 da ɗoriya, Rumeysa Gelgi ce 'yar Turkiyya, sannan ɗalibar jami'ar Tufts da jami'an shige da fice na Amurka suka kama a kan titi a watan Maris na 2025 har bidiyon ya zaga duniya ita ma Rumeysa ce, Rumeysa Ozturk. Baturkiya ta ce Rumeysa ba wanda ya ce ta ɓata suna, Bahaushiya ta ce Rumasa'u sai a ce a gyara mata, wannan shi ne abin da ban gane adalcinsa ba.

Wani abin dariya kuma, Gumaisa'u da aka ce shi ya fi shahara a kan Ummu Sulaim, wanda yake cikin Sahihu Muslim ƙarara, ban ga ana rububinsa ba. Mace ɗaya, falala ɗaya, ma'ana kusan ɗaya, amma gu ɗin farkon ya yi wa kunne nauyi, ga shi yana kama da gumi, sai kowa ya bi mai ra. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa bayan son sahabiya daɗin sauti ma yana da kujera babba a wurin zaɓen suna, kuma ni ban ga laifi a ciki ba in dai za a yarda hakan ne.

Inda bambancin Rumasa'u da Rumaisa yake zama matsala ta gaske ba a falo ba ne, a takarda ne. Ranar suna liman ya raɗa Rumaisa'u, a takardar asibiti nas ta rubuta Rumasau yadda ta ji a bakin kaka, a takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya uba ya ce a sa Rumaisa, malamin aji ɗaya ya rubuta Rumaisah a rajista don ya ga ya fi kyau, shekaru su ja ba wanda ya lura. Sai yarinya ta kai aji shida na sakandare, tun 2021 kuwa JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, sunan da ke kan NIN shi take jawowa kai tsaye, a je a tarar na WAEC ko NECO daban na NIN daban, in ta buɗe asusun banki BVN da aka fara tun 2014 shi ma ya zo da nasa. Kwamfuta ba ta san suna ɗaya ne ba, ba ta san Ummu Sulaim ba, harafi take gwadawa da harafi. Daga nan sai uba ya rufe shago ya tafi kotu yin takardar rantsuwa, ya biya jarida ta buga, ya je ya bi layin gyaran suna, wani lokaci har lokacin rajista ya kusa wucewa ana wannan sintirin.

Ga kuma matsalar 'yar alamar nan ta hamza da muke sawa a sama. Fom da yawa na intanet ba sa karɓarta, layuka biyun nan na ƙasan shafin fasfo da na'ura take karantawa ma ba a sa ta, duk wata Asma'u da Hauwa'u ta san wannan, Asmau da Hauwau suke komawa, wanda bai san sunan ba kuma ya karanta ƙarshen a haɗe kamar au na sau ɗaya. In ni za a tambaya Rumaisa'u ne rubutun da ya fi tattara kayan sunan, ya ɗin tana nan, hamza tana nan, kaka za ta gane shi uwa ma za ta gane shi, amma wanda ya zaɓe shi ya sani tun yanzu a fasfo da katin banki Rumaisau zai gani. Wanda kuma ba ya son wannan ya tsaya a Rumaisa ba h ba t, ya rubuta shi da hannunsa a 'yar takarda tun kafin a bar asibiti, ya miƙa wa nas, ya miƙa wa mai takardar haihuwa, ranar kai ta makaranta ma ya tsaya a kan malamin sai ya ga abin da ya rubuta a rajista.